Mayar da Labaran Sadaukan Mujallun Zane Zuwa Fim

Mayar da labaran sadaukan mujallun zane zuwa fim sana'a ce ta ɗauko taurari da labaran da aka fara bugawa a mujallun zane na Amurka, musamman na kamfanonin DC da Marvel, a sake gina su domin majigin sinima. Sadaukan nan su ne irin su Superman da Batman da Spider-Man, masu baiwar ƙarfi ko kayan yaƙin da babu mai irinsu, waɗanda galibi ke ɓoye ko su wane ne. Aikin ya sha bamban da mayar da littafin ƙagaggen labari fim. Littafi yana da farko da ƙarshe da marubuci guda. Labarin sadauki kuwa wata-wata ake buga shi tsawon shekaru da dama, marubuta da masu zane suna ta karɓa-karɓa, wani ya gina, wani ya rushe. Shi ya sa da wuya a ga fim ya bi labari ɗaya daga farko har ƙarshe: yawanci suna da ƙashin bayan labarin ake ɗauka, sai a ɗinka masa sabon jiki.

Asali

Superman ya fara fitowa a mujallar Action Comics a 1938, ƙirƙirar Jerry Siegel da Joe Shuster, Batman kuma ya biyo baya a 1939. Ba a daɗe ba sinima ta ɗauka. A 1941 kamfanin Republic ya fitar da Adventures of Captain Marvel mai kashi 12, ana nuna kashi ɗaya duk mako, sannan Columbia ta yi na Batman mai kashi 15 a 1943. Finafinai ne na kuɗi kaɗan, yara aka nufa da su. Sai a 1978, da Richard Donner ya ba da umarnin Superman tare da Christopher Reeve, aka fara zuba wa irin wannan labari manyan kuɗi da manyan jarumai. Batman na Tim Burton a 1989 ya tara sama da dala miliyan 400, kuma tun a nan aka ga yadda darakta ke taɓa tushen labari: ya sa Joker ne ya kashe iyayen Batman, alhali a mujalla wani ɗan fashi ne mai suna Joe Chill.

Haƙƙin mallaka

Wanda bai san tarihin cinikin Marvel ba, ba zai gane dalilin rabin sauye-sauyen da ake yi wa labaranta ba. Kamfanin ya shiga matsin kuɗi har ya bayyana karyewarsa a gaban kotu a ƙarshen 1996, kuma a shekarun nan ya sayar da izinin yin fim da manyan taurarinsa. X-Men da Fantastic Four suka koma hannun Fox, Spider-Man ya koma Sony. Daga nan aka samu X-Men a 2000 da Spider-Man a 2002, bayan Blade na 1998 ya nuna akwai kasuwa. A 2005 Marvel ta karɓi bashin dala miliyan 525 daga Merrill Lynch don ta riƙa shirya finafinanta da kanta da taurarin da suka rage mata. Iron Man na 2008 shi ne na farko, Disney kuma ta sayi kamfanin a 2009 a kan kusan dala biliyan 4. Taurarin da ke zaune gida ɗaya a mujalla sai ga su a rarrabe a sinima, har zuwa yarjejeniyar Sony ta 2015 da sayen Fox da Disney ta yi a 2019.

Yadda ake sarrafa labarin

Misali mafi bayyana shi ne Civil War, labari mai kashi 7 da Mark Millar ya rubuta, Steve McNiven ya zana, daga 2006 zuwa 2007. A mujallar, wasu matasan sadaukai masu ɗaukar shirin talabijin sun tari wani mugu a garin Stamford, ya tarwatsa unguwar da ke da makaranta, mutum fiye da 600 suka mutu. Gwamnatin Amurka ta kafa dokar cewa kowane sadauki ya yi rajista ya bayyana sunansa. Iron Man ya goyi bayan dokar, Captain America ya ƙi, Spider-Man kuma ya cire abin rufe fuskarsa a gaban 'yan jarida. Da aka zo yin fim a 2016, wannan ginshiƙi ba shi da wurin tsayawa, domin yawancin sadaukan finafinan Marvel ba su ɓoye sunansu, Tony Stark ma tun ƙarshen fim ɗin 2008 ya faɗa wa duniya shi ne Iron Man. Reed Richards, jagoran Fantastic Four, wanda ke da babbar rawa a mujallar, yana hannun Fox. Sai marubutan suka mayar da rikicin kan wa zai riƙa sa ido a kan sadaukan, aka kawo yarjejeniyar da ƙasashe 117 suka amince da ita, musabbabin kuma ya zama fashewar da aka ce ta faru a Legas, ko da yake a Atlanta aka ɗauki wannan fitowar. Yaƙin da a mujalla ya haɗa sadaukai bila adadin ya dawo na mutum 12 a filin jirgin sama. Ƙarshen ma ya sauya: maimakon Captain America ya miƙa wuya don ganin ɓarnar da faɗan ya jawo, sai rigimar ta koma ta jini, bayan Tony ya gano cewa Bucky, aminin Captain America, shi ya kashe iyayen Tony ɗin. Wannan sauyi ya yi wa fim ɗin amfani, domin mai kallo ya shafe shekaru takwas da waɗannan mutane, kuma rabuwar aminai ta fi taɓa zuciyarsa a kan muhawarar doka.

Haka aka yi wa The Infinity Gauntlet na Jim Starlin, na 1991. A can mugun labarin, Thanos, ya hallaka rabin halittu ne don neman soyayyar Mutuwa, wadda aka zana a siffar mace. Fim ɗin 2018 ya ba shi wata hujja dabam, wai jama'a sun yi wa albarkatun duniya yawa. A labarin X-Men mai suna Days of Future Past na 1981, Kitty Pryde ce ake mayarwa zamanin baya, fim ɗin 2014 kuwa ya tura Wolverine, wanda Hugh Jackman ke fitowa a matsayinsa kuma shi masu kallo suka fi sani. Zamani ma kan tilasta gyara: a 1963 a Biyetnam aka kama Tony Stark, a fim kuma a Afganistan.

Wata hanyar ita ce haɗa labarai da yawa a tukunya ɗaya. Finafinan Batman uku na Christopher Nolan, na 2005 da 2008 da 2012, sun ɗebo daga Year One da The Long Halloween da Knightfall da No Man's Land ba tare da sun bi ko ɗaya sawu da ƙafa ba. Akasin haka shi ne Watchmen na 2009, inda Zack Snyder ya kwaikwayi zanen Dave Gibbons kusan hoto bayan hoto, amma duk da haka ya sauya ƙarshen, marubucin labarin Alan Moore kuma ya ƙi yarda a sa sunansa.

Abin da ya fi wuyar ɗaukowa shi ne nauyin shekaru. Labarin Dark Phoenix na 1980 ya girgiza masu karatu ne saboda sun san Jean Grey, ɗaya daga cikin X-Men, tun 1963, kuma sun ga sauyawarta sannu a hankali. Sau biyu Fox ta gwada cusa shi cikin awa biyu, a 2006 da 2019, kuma duka biyun sun sha suka, na biyun ma ya yi asara.

Black Panther

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro T'Challa, wato Black Panther na ƙagaggiyar ƙasar Wakanda, a 1966. Fim ɗin Ryan Coogler na 2018 ya ɗauko mayaƙan mata na Dora Milaje daga rubutun Christopher Priest na 1998, ya kuma tankaɗe abin da ya tsufa: an bar M'Baku da ƙabilarsa, amma an jefar da laƙabinsa na mujalla mai danganta shi da goggon biri. Harshen Wakanda a fim ɗin Xhosa ne na Afirka ta Kudu, kuma aikin farko da aka nuna T'Challa ya fita yi a dajin Sambisa ne, inda ya tare ayarin 'yan bindiga da suka sace mata, abin da ke nuni ga sace 'yan matan Chibok a 2014. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya ci kyautar Oscar uku, kuma shi ne fim ɗin sadaukai na farko da ya shiga takarar gwarzon fim na shekara.

Tasirin bai tsaya ta gefe ɗaya ba. Kogon Batman daga fim ɗin 1943 ya samu gindin zama a mujalla, Phil Coulson, jami'in leƙen asiri a finafinan Marvel, kuma a sinima aka haife shi kafin a fara zana shi. Nick Fury na mujallar The Ultimates ta 2002 an zana shi da kamannin Samuel L. Jackson shekaru shida kafin jarumin ya fito a matsayinsa.

Rabon masu ƙirƙira

A nan ne sana'ar ke da babban tabo. Yawancin marubuta da masu zane aikin ƙwadago suka yi wa kamfanoni, duk abin da suka ƙirƙira mallakar kamfani ne. Siegel da Shuster dala 130 aka ba su a kan Superman, kuma sai a 1975, ana shirin babban fim ɗin, bayan an yi ta surutu a jaridu, Warner ta yanka musu dala 20,000 a shekara tare da mayar da sunansu. Bill Finger, wanda ya yi aiki mai yawa wajen gina Batman, ya rasu a 1974 cikin talauci, ba a fara rubuta sunansa ba sai a 2015. Magadan Jack Kirby sun kai ƙara har ƙofar Kotun Ƙolin Amurka kafin a sasanta a 2014. Matsalar ba ta tsaya ga tsofaffi ba. Ed Brubaker, wanda shi da Steve Epting suka dawo da Bucky a matsayin Winter Soldier a 2005, ya bayyana a 2021 cewa abin da ya samu daga 'yar fitowar da ya yi a fim ɗin 2014 ya fi abin da aka biya shi a kan amfani da tauraron da ya ƙirƙira.