Ƙwallon Amurka: Wane Kulob Zan Bi, Kuma Ya Halatta In Sauya Sheƙa?

Duk shekara da Satumba ta kama, ko aka doshi Super Bowl, wasan ƙarshe na lashe kofin gasar NFL ta ƙwallon Amurka, a Fabrairu, sai tambayoyin nan su dawo, kusan da kalmomi iri ɗaya. Na tara su wuri guda. Wanda ya sake turo ɗaya daga cikinsu, nan zan nuna masa.

Wai ba zari-ruga ba ce?

A'a. A zari-ruga ba a jefa ƙwallo gaba, a nan ana jefawa, sau ɗaya a kowane yunƙuri. 'Yan wasa 11 ne kowane ɓangare. Dangi ne dai, amma kowa da gidansa.

Yaya ake samun maki?

Ana ba ka dama huɗu ka matsa gaba yadi 10. In ka yi, a sake ba ka huɗu. In ka kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ka kai ta ƙarshen fili, maki 6, sannan ka ƙara 1 da bugu ko 2 da sake kutsawa. Ka buga ta tsakanin sanduna daga nesa, maki 3. Sauran dokoki kallo zai koya maka, ba ni ba.

Wane kulob ya fi kowa kofi? Shi zan bi.

To ga su nan, 'yan a bi yarima a sha kiɗa. Zuwa 2025, New England Patriots da Pittsburgh Steelers ne ke kan gaba, kowanne da Super Bowl shida. Ka ji amsa. Amma kafin ka je ka sayi jesi, ka sani cewa an tsara gasar NFL ne yadda babu wanda zai daɗe a sama. Akwai iyakar kuɗin da kowane kulob zai kashe a albashin 'yan wasa, kuma iyakar ɗaya ce ga kowa. Sannan duk watan Afrilu, idan za a raba matasan da suka fito daga jami'o'i, kulob ɗin da ya fi kowa shan kashi shi ke fara zaɓa, zakara kuma ya zo ƙarshe. Patriots ɗin da kake ƙwaɗayi, bayan tauraronsu Tom Brady ya tafi a 2020, sun kai ga kakar da wasa 4 kacal suka ci cikin 17, a 2023. Lokacin aka gane su wa ke son kulob, su wa ke son Brady.

Me ya sa ba na ganin kulob ya faɗa rukuni na ƙasa?

Domin babu rukunin ƙasan. Kulob 32 ne, ƙofa a rufe, ba mai shiga ba mai fita. Cleveland Browns sun buga wasa 16 a 2017 ba su ci ko ɗaya ba, kuma ladan da suka samu shi ne zaɓen farko a shekarar da ta biyo. Magoya bayansu har jerin gwano suka yi suna zagaya filin wasa a cikin sanyin Janairu, rabi wasa rabi takaici. Wanda ya ga halin da mutanen Kano suka shiga da Pillars ta faɗi a 2022 zai ce wannan ai gata ne. Haka ne, sai dai su Amurkawa akwai abin da suke tsoro wanda ya fi faɗuwa ciwo.

Da gaske kulob kan tattara kayansa ya bar garinsa?

Da gaske. Wannan ne abin da masu kallon ƙwallon Turai suka fi kasa haɗiyewa, kuma shi ya kamata ka fara fahimta kafin ka yi maganar amana. Sunan gari ne a jikin jesi, amma kulob na attajiri ne. Idan ya ga filin wasansa ya tsufa, sai ya nemi hukumar gari ta gina masa sabo da kuɗin haraji. Ta ƙi, wani garin ya ce zo mu gina maka, shi ke nan.

Raiders sun tashi daga Oakland zuwa Los Angeles a 1982, suka koma Oakland a 1995, suka sake tashi zuwa Las Vegas a 2020 bayan jihar Nevada ta amince da dala miliyan 750 daga harajin ɗakunan otal. Chargers sun bar San Diego a 2017 bayan kaka 56. Oilers sun bar Houston bayan kakar 1996, garin ya zauna babu kulob sai 2002. Kai kuma ɗan Arsenal da ke dariya, mai kulob ɗinku Stan Kroenke shi ne ya kwashe Rams daga St. Louis zuwa Los Angeles a 2016. Garin ya kai ƙara, aka sasanta a kan dala miliyan 790 a 2021. An biya kuɗi, kulob bai dawo ba.

Guda ɗaya ne ba ya iya tashi: Green Bay Packers. Garin mutanensa sun ɗan haura dubu 100 ne kawai, filin Lambeau kuma yana cin kusan dubu 81. Tun 1923 kulob ɗin na jama'a ne, masu hannun jari yanzu sun wuce rabin miliyan. Hannun jarin ba ya kawo riba, ba kuma a cinikinsa a kasuwa. A sayarwar 2021 dala 300 mutane suka riƙa biya don takardar da za su rataye a bango. Dokar NFL ta hana wani kulob ya bi wannan tsari. Su an bar su ne don sun riga dokar.

Aiki ya kawo ni Baltimore. Tun ina gida Steelers nake bi. Yarana sun fara dawowa daga makaranta suna maganar Ravens, kulob ɗin garin. In sauya ne ko in dake?

Yawwa, wannan ce tambaya. Kuma ba ni da amsa guda da zan miƙa maka, sai dai mu auna tare.

Da farko ka san inda ka faɗo. Da Seattle aiki ya kai ka, da ba wanda zai damu da baƙar jesinka mai ruwan ɗorawa. Amma Steelers da Ravens rukuninsu ɗaya, AFC ta Arewa, suna haɗuwa sau biyu duk shekara, wani lokaci sau uku idan an gamu a wasannin kifa-ɗaya-ƙwala. Tsakanin garuruwan tafiyar awa huɗu ce a mota, ko sama da haka kaɗan. Ba ƙiyayyar wasa ba ce.

Na biyu, ka san tarihin mutanen da ka zo ka tarar, domin shi zai nuna maka dalilin da ya sa ba sa ɗaukar maganar da sauƙi. Baltimore tana da kulob a da, Colts, wanda shahararren ɗan wasa Johnny Unitas ya yi wa wasa. A daren 28 ga Maris 1984, mai kulob ɗin Robert Irsay ya sa aka loda kayan ofis da na atisaye a manyan motocin kamfanin Mayflower, gari ya waye sun kama hanyar Indianapolis. Ya yi gaggawar ne saboda majalisar jihar Maryland tana shirin bai wa birnin ikon ƙwace kulob ɗin. Shekara 12 garin ya yi babu kulob, amma 'yan badujalar Colts ba su watse ba, suka ci gaba da busa a bukukuwa da filayen wasu. Unitas kansa ya ce ba ruwansa da Colts ta Indianapolis. Dattijon da ke maƙwabtaka da kai, wataƙila yana cikin waɗanda suka ga motocin a talabijin da safe.

Sai kuma ɓangaren da mutanen Baltimore ba sa son a tuna musu: Ravens ɗin da suke taƙama da ita, daga Cleveland aka ɗauko ta. Art Modell, mai kulob ɗin Browns, ya sanar a Nuwamba 1995 cewa zai kwashe shi, ya kuwa kwashe a 1996. Bambancin kawai, Cleveland ta yi tsayin daka har aka bar mata suna da launi da tarihi, aka ba ta sabon kulob a 1999. Ravens ta ɗauki kofi a 2001 da 2013, Browns har yau ba ta taɓa leƙa Super Bowl ba. Saboda haka idan wani ya tsare ka da wa'azin kishin gari, ka saurare shi da ladabi, amma ka sani shi ma abin da aka yi masa ya yi wa wani.

To, ga yadda nake gani. Idan son da kake wa Steelers na gaske ne, wato ka sha kashi tare da su kuma ba ka gudu ba, kada ka sauya. Ba ma za ka iya ba. Ranar da suka haɗu, bakinka zai ce Ravens, zuciyarka ta yi tsalle idan Pittsburgh ta ci, kuma yaranka za su gani a fuskarka. Ba kai kaɗai ba ne kuma. Da masana'antun ƙarfe na Pittsburgh suka durƙushe a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, ma'aikata sun watsu cikin Amurka neman abinci, suka tafi da kulob ɗinsu a zuci. Shi ya sa da wuya ka ga filin da babu masu kaɗa tawul ɗin nan na 'yan Steelers mai ruwan ɗorawa. Kuma ka yi dacen kulob: yana hannun iyalan Rooney tun 1933, bai taɓa barin garinsa ba.

Idan kuwa ka ɗauke su ne kawai don wani aboki ya ba ka jesi, ko don ka ji an ce kofi shida, to babu amanar da za ka ci. Garin da kake kwana kake tashi yana da haƙƙi a kanka. Ranar Juma'a za ka ga ofis da makaranta da direban bas duk sun sa shunayya, launin Ravens, ranar Litinin hirar kowa wasan jiya ne. Baƙo da ke neman hanyar shiga mutane ba zai sami wadda ta fi wannan arha ba. Akwai ma maganar aljihu: wasannin Ravens tashoshin gari ke nunawa kyauta, na Steelers kuwa sai an haɗa su da Ravens ko an sa su a wasan da ake nuna wa ƙasa baki ɗaya, in ba haka ba sai ka biya kuɗin tsarin kallo na Sunday Ticket a YouTube, ɗaruruwan daloli a kaka. Wuraren da 'yan Steelers ke taruwa kallo kuma galibi mashaya ne, ka san ko wurin zamanka ne.

Game da yara kuwa, a nan ba na kwana-kwana: ƙyale su. A garin suke tashi, abokansu 'yan Ravens ne, kada ka tura yaro ɗan shekara takwas aji da jesin abokan gaba don kai ka ji daɗi. Gida ɗaya kulob biyu ba sabon abu ba ne, gidaje nawa ne uba Madrid ɗa Barcelona? In za ka kai su fili ranar karawar, zaɓi wasan rana. Na dare an fi shaye-shaye, baki kuma ya fi ɓaci. Za a yi maka ihu, mafi yawa iyakarsa ke nan, muddin ba ka tanka ba. Ko ka ɗora riga a kan jesin har ka zauna, ba ragwanta ba ce.

Abu ɗaya da ba a yafewa a kowane ɓangare: ka zama ɗan Steelers a shekarar da suke ci, ɗan Ravens a shekarar da Steelers ba sa ci. Wannan ko maƙwabcinka dattijo zai daina gaishe ka.

Ƙarfe nawa ake bugawa a agogon Najeriya da Nijar?

Wasannin farko na Lahadi ƙarfe 6 na yamma, su koma 7 idan Amurka ta mayar da agogonta baya a farkon Nuwamba. Na dare sai bayan ƙarfe 1 ko 2. Super Bowl wajen 12:30 na dare. Minti 60 ne a rubuce, awa uku ne a zaune. Kada ka ce ban gaya maka ba ranar da ka makara asuba.

Ni ban taɓa zuwa Amurka ba. Ina da hurumin cewa "kulob ɗinmu"?

Kwantar da hankalinka. Wanda ke kuka don Manchester United a gidan kallo, yaushe ya ga Manchester? Iyalan Glazer ma da suka saye ta a 2005 su ne masu Tampa Bay Buccaneers. Ko a can, kishin garin da sauƙi-sauƙi ne: Giants da Jets suna amsa sunan New York, amma filinsu a jihar New Jersey yake. NFL da kanta nemanka take yi, tun 2007 take kai wasanni Landan, a 2022 kuma ta buɗe sansanin neman 'yan wasa a Ghana. Sharaɗin ɗaya ne, idan ɗan garin da kakansa ya kai shi fili yana magana, kada ka ce ka fi shi sani.

Akwai namu a ciki?

Da yawa. Christian Okoye, haifaffen Enugu, ya fi kowa gudu da ƙwallo a 1989 da yadi 1,480 a Kansas City Chiefs. Osi Umenyiora ya ɗauki Super Bowl biyu da Giants. Amma kada ka zaɓi kulob don ɗan wasa ɗaya, gobe za a sayar da shi ko gwiwarsa ta tafi.

Zan iya bin kulob biyu?

Ɗaya a AFC ɗaya a NFC, wato manyan ɓangarori biyu na gasar, ana ɗaga ƙafa, har zuwa ranar da suka haɗu. Biyu a rukuni ɗaya, a'a.

Dallas Cowboys fa? Na ji an ce su ne kulob ɗin Amurka baki ɗaya.

Haka ake musu kirari. Kofinsu biyar, na ƙarshe a Janairu 1996. Idan kana da haƙuri, bismillah.