Dajin da ke tsaye cikin ruwan gishiri a Neja Delta

Wai wane irin daji ne ake ce wa mangurof?

Itatuwa ne da ke fitowa a bakin teku, inda ruwan kogi ke gaurayuwa da na gishiri, saiwoyinsu duk a waje sun kafe cikin taɓo. Kaf Afirka babu ƙasar da ta kai Najeriya yawansa, galibi a Ribas, Bayelsa da Delta.

To meye amfaninsa tunda ba 'ya'yansa ake ci ba?

Ai nan ne ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa ke fakewa har su yi ƙwari kafin su fita teku, don babban kifi ba ya iya kutsawa tsakanin saiwoyin, ga abinci a banza daga ganyen da ke ruɓewa, kuma saiwoyin nan su ke riƙe ƙasa kar igiyar ruwa ta cinye gari. Idan dajin ya mutu, masunci ne zai fara ji a jikinsa.

Man fetur ne kaɗai ke kashe shi?

A'a, amma shi ne babba. Ɗanyen mai yana toshe ƙofofin da saiwar ke shaƙar iska, itacen ya bushe a tsaye. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP, ta yi bincike a ƙasar Ogoni da ke Jihar Ribas, ta ɗebi samfura sama da 4,000 na ƙasa da ruwa, a rahotonta na 2011 ta ce gyaran ɓarnar da mai ya yi a wurin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Bayan mai, sai saran dajin don itacen girki da busar da kifi a hayaƙi. Sai kuma wani abin takaici, wata bishiya mai suna nipa da aka kawo Kalaba daga Asiya a 1906 wai don ta hana zaizaya, yanzu duk inda aka sare mangurof ita ke mamaye wurin, kuma kifi ba ya samun mafaka a cikinta yadda ya saba.

Su masu binciken me suke yi takamaimai?

Suna gwada hotunan tauraron ɗan adam na da da na yanzu su ga inda dajin ya ragu, su shiga kwalekwale su auna gishiri da mai a taɓo, su ƙirga ire-iren kifi. Akwai cibiyar NIOMR a Legas da aka kafa a 1975 don binciken teku.

Ba sai a sake dasawa ba kawai?

Ana yi, shirin gwamnatin tarayya na tsabtace wuraren da mai ya gurɓata, wato HYPREP, na dashe a Ogoni. Amma fa muddin akwai mai a ƙarƙashin taɓon, ko bututu na ci gaba da yoyo, dashen mutuwa zai yi, kuɗin ya tafi a banza.