Matsalolin daidaitawa da bugawa a manhajojin zanen bekta

Zanen bekta zane ne na kwamfuta da ake ajiyewa a matsayin lissafi: inda layi ya tashi, inda ya lanƙwasa, kaurinsa da launinsa. Ya sha bamban da hoton kyamara, wanda tarin ɗigogi ne. Da shi ake yin tambari, taswira, allon talla da haruffan rubutu, a manhajoji irin su Adobe Illustrator, CorelDRAW da Inkscape. Lissafin ba ruwansa da ɗigo, amma allon kwamfuta da firinta da ɗigo kawai suke aiki. Yawancin matsalolin da masu zane ke kuka da su, kamar siffofi su ƙi zama a jere ko bugu ya fito ba yadda aka gani a allo ba, suna tasowa ne a wajen mayar da lissafi ɗigo, ko kuma idan fayil ya bar manhajar da aka yi shi ya shiga wata mai awo daban.

Asali

Ana yawan danganta farkon wannan fanni da Sketchpad, manhajar da Ivan Sutherland ya gabatar a jami'ar MIT ta Amurka a 1963. Lissafin lanƙwasa kuwa daga masana'antar mota ta Faransa ya fito: Paul de Casteljau ya yi aiki a kansa a Citroën wajen 1959, Pierre Bézier na Renault ya yaɗa shi a farkon shekarun 1960, kuma sunansa ne ya bi lanƙwasar har yau.

Abin da ya haɗa zanen da maɗaba'a shi ne PostScript, harshen siffanta shafi na kamfanin Adobe, wanda John Warnock da Charles Geschke suka kafa a 1982. Harshen ya fito wajen 1984, firintar LaserWriter ta Apple ta ɗauke shi a 1985. Illustrator ya biyo baya a 1987, CorelDRAW a 1989, PDF a 1993. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta amince da tsarin fayil ɗin zanen bekta mai suna SVG a 2001, shi ne kuma Inkscape ya dogara a kai tun da ya ɓalle daga manhajar Sodipodi a 2003.

Daga nan aka gaji awo iri biyu. PostScript yana raba inci ɗaya gida 72, kowane gida shi ne pt, wato kimanin milimita 0.353, kuma yana fara ƙirga daga kusurwar hagu ta ƙasan shafi. SVG, da yake don intanet aka yi shi, yana farawa daga kusurwar hagu ta sama, kuma a ƙa'idar CSS, mai tsara kamannin shafukan intanet, fiksel (ɗigon allo) 96 ne a inci. Manhajojin sun daɗe kafin su daidaita: sai a fitowar CS5 ta 2010 Illustrator ya mayar da mafarin rularsa sama, Inkscape kuma sai a fitowa ta 1.0 a 2020.

Tsofaffin firintoci suna da nasu ciwon. PostScript na matakin farko ba ya ɗaukar layin da ya wuce gaɓoɓi 1500, idan aka wuce sai aikin ya tsaya da saƙon limitcheck. Mataki na biyu, na 1991, ya sassauta wannan iyaka, na uku kuma, na 1997, ya rage ratsin da ke fitowa a launi mai tafiya daga duhu zuwa haske.

Siffofin da suka ƙi jeruwa

Idan aka ce manhaja ta jera siffofi ta gefen hagu, ba siffar take kallo ba, akwatin da ya kewaye ta take kallo. Akwatin iri biyu ne. Ɗaya yana tsayawa a kan ainihin layin lissafi, ɗayan yana haɗawa da kaurin layin gefe. Layin gefe a bisa al'ada rabinsa yana ciki rabinsa yana waje, saboda haka murabba'i mai faɗin milimita 50 da layin milimita 2 a ido milimita 52 ne. Siffofi biyu masu kaurin layi daban za su iya zama daidai a lissafi amma ido ya ga ɗaya ta ɗan turo. Illustrator da Inkscape duk suna da wurin zaɓar akwatin da za a yi aiki da shi. Inuwa, dishi-dishin gefe, ɓoyayyar siffa a cikin rukuni, ko gaɓa guda da aka manta a can gefe, duk suna iya kumbura akwatin ba tare da an lura ba. Kallon zanen a yanayin da ke nuna layuka zalla shi ke tona su.

Rubutu ya fi wahala. Akwatinsa yakan haɗa da sararin da aka ware wa dogayen haruffa da masu jela, ko da kalmar ba ta da su, shi ya sa rubutun da aka sa a tsakiyar da'ira yakan yi kamar ya ɗaga ko ya sauka. Haka alwatika: tsakiyar akwatinta ba ita ce tsakiyar nauyinta ba, kuma a nan ido ya fi maɓallin manhaja gaskiya.

Sai kuma abin da za a daidaita da shi: shafi, ko duk abin da aka zaɓa, ko siffa guda da ba za ta motsa ba. Rikita waɗannan ukun ne ke watsa zane gaba ɗaya.

A kan allo akwai wata matsala ta daban. Layi mai kaurin fiksel 1 da ya hau kan iyakar fiksel biyu yakan rabu a tsakaninsu ya fito da kauri da toka-toka. Matsar da shi rabin fiksel ke gyara shi. Siffofi biyu da suka yi gefe da gefe kuma sukan nuna farin zare a tsakani duk da babu giɓi. Dalili shi ne manhaja tana laushin gefen kowace siffa ita kaɗai, sai launin baya ya ɗan leƙo. Ana gane shi da cewa ba ya ƙara kauri idan an zuƙo zanen. Maganinsa a sa ɗaya ta ɗan shiga ƙarƙashin ɗayar.

Sauyin girma

Zane mai faɗin milimita 100 da aka rubuta da awon 72 sannan aka karanta da awon 96 yana komawa milimita 75. Idan aka juya, ya zama kimanin 133. Inkscape ya yi amfani da 90 har zuwa fitowa ta 0.92 a 2017, don haka tsohon fayil yana iya raguwa zuwa 93.75 idan ba a juya awonsa ba. Masu injin yanka sitika da na leza sun fi kowa jin wannan. Rubuta girman shafi da milimita, tare da saka murabba'in gwaji da za a auna da rula, yana kawar da shakka.

A firinta kuwa, zaɓin nan na sa zane ya shige cikin takarda shi ne babban mai laifi. A4 milimita 210 ne da 297, takardar Letter ta Amurka kuma 215.9 da 279.4. Shafin A4 da aka matse cikin Letter yana raguwa zuwa kusan kashi 94 cikin 100, ko ƙasa da haka idan aka cire gefen da firintar ba ta iya kai tawada. Aikin da awo ke da muhimmanci a cikinsa ana buga shi ne a kashi 100.

A maɗaba'a

Wuƙar yanka takarda ba ta sauka wuri ɗaya kullum, shi ya sa launin da zai kai bakin takarda ake barinsa ya zarce layin yanka da milimita 3, ko ɗaya bisa takwas na inci a Amurka.

Layi mai kauri 0 a PostScript yana nufin mafi sirantar abin da na'ura za ta iya. A firintar ofis mai ɗigo 600 a inci zai kai milimita 0.04, ana ganinsa. A na'urar yin farantin da injin ɗab'i ke bugu da shi, mai 2400, ya koma 0.01, ya ɓace. Masu ɗab'i sukan nemi kada layi ya gaza wajen 0.25 pt.

Allo yana haɗa launi da hasken ja, kore da shuɗi, injin ɗab'i kuma da tawada huɗu da ake taƙaitawa CMYK. Kore da shuɗi masu walƙiya sukan dushe a takarda domin tawada ba ta kai su. SVG a tsarin launin allo mai suna sRGB yake, shi ya sa masu Inkscape suka daɗe suna bi ta Scribus, manhajar tsara shafi, kafin su fitar da fayil na maɗaba'a. Kowace tawada da farantinta, kuma idan faranti ya goce ko da kaɗan sai farin takarda ya bayyana tsakanin launuka; ana rufe wannan da ɗan hawan launi ɗaya kan ɗayan. Ƙananan baƙaƙen haruffa da baƙar tawada kaɗai ake yin su, kuma a ɗora su a kan launin ƙasa ba tare da an huda musu wuri ba. Idan wannan umarni na ɗorawa ya hau kan farin rubutu, rubutun yakan ɓace ɗungum, don babu farar tawada a cikin huɗun.

Launi shara-shara, mai nuna abin da ke ƙasansa, ya shiga Illustrator 9 a 2000 da PDF 1.4 a 2001, amma PostScript bai san shi ba. Kafin a buga a tsohon tsari sai an yanyanka zanen ƙananan gutsattsari, wasu ma a mayar da su ɗigo, daga nan ake samun fararen zaruruwa da akwatin da launinsa ya ɗan bambanta a kewayen inuwa. A nau'o'in PDF na maɗaba'a, PDF/X-1a yana tilasta wannan yanka, PDF/X-4 kuwa yana barin shara-sharan yadda yake har ya isa na'ura.

Idan salon rubutun da aka yi aiki da shi babu shi a kwamfutar maɗaba'a, manhaja takan musanya shi da wani, layuka su karye a wani wuri. Akwai saɓani kan magani: wasu masu ɗab'i suna so a mayar da haruffa siffofi, wasu suna ganin hakan yana ƙara wa ƙananan haruffa kauri kuma yana hana gyara, sun fi son a cusa salon rubutun cikin PDF.