Gyaran dattin hoto a kyamarar zafi

Kyamarar zafi na'ura ce da ke ɗaukar hasken infared, wato hasken da kowane abu mai ɗumi ke fitarwa amma idon mutum ba ya gani. William Herschel ne ya gano wannan haske a shekarar 1800. Yawancin kyamarorin hannu na yau suna aiki da zangon haske mai tsawon maikiromita 8 zuwa 14 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma gilashin gabansu na wani sinadari ne mai suna jamaniyom, domin gilashin taga ba ya barin wannan haske ya wuce.

Idon kyamarar, wato sensa, faranti ne mai dubban ɗigogi. Mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye yana da 307,200. Kowane ɗigo ɗan ƙaramin ma'aunin zafi ne da ake kira maikirobolomita, wanda kamfanin Honeywell na Amurka ya ƙera a shekarun 1980. Matsalar ita ce ba a samun ɗigo biyu masu amsawa daidai wa daida. Ko bango mai zafi iri ɗaya aka nuna wa kyamarar, wani ɗigon zai ƙara, wani ya rage, sai hoton ya fito da zane-zane a tsaye ko tsaki-tsaki kamar an watsa gero. Wannan datti ba ya motsi, yana nan a wuri ɗaya cikin kowane hoto.

Gyaran farko a masana'anta ake yin sa. Ana nuna wa sensar baƙin faranti mai zafin da aka sani, sau ɗaya da ɗan sanyi, sau ɗaya da zafi sosai. Daga nan ake fitar wa kowane ɗigo lambobi biyu, ta ninkawa da ta ƙari ko ragi, a adana su cikin kyamarar. Ɗigon da ya mutu kuwa, ana cike gurbinsa da matsakaicin abin da maƙwabtansa suka auna.

Sai dai wannan gyara ba ya ɗorewa, saboda jikin kyamarar ma yana fitar da zafi, ita kuma sensar tana jin sa. Shi ya sa ake sa ɗan marfi a ciki, wanda ke rufe sensar na ɗan lokaci ta sake daidaita ɗigoginta. Shi ne ƙas ɗin da ake ji, hoto ya tsaya cak, har sabon shiga ya zaci na'urar ta lalace. A Sakkwato wannan batu yana da nauyi. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma injiniyan da ya fito da kyamara daga mota mai sanyi don duba taransifoma ko farantan sola yana sauya mata yanayi nan take. Abin da ya dace shi ne a bar ta ta saba da iskar wurin na wasu mintoci, a sa marfin ya rufe, sannan a fara awo. Ƙurar hunturu da ta kwanta kan gilashi ita ma tana rage abin da ke isa sensar, kuma marfin da ke bayan gilashin ba ya ganin ta, balle ya gyara.

Akwai kuma datti mai sauyawa daga hoto zuwa hoto. Maganinsa haɗa hotuna da yawa a ɗauki matsakaicinsu: hotuna 16 suna mayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu, in dai abin da ake dubawa ba ya motsi. Kyamarori masu tsada kuwa kan sanyaya sensarsu har wajen digiri 196 ƙasa da sifili don rage irin wannan datti.

Manhajojin da ke goge hoto bayan an ɗauka su ne suka fi buƙatar hattara. Wayar lantarki da ta fara ɗaukar zafi a mahaɗa takan bayyana a ɗigo uku ko huɗu kacal, kuma guga mai yawa yana shafe ta tare da dattin. Don haka a riƙa ajiye ainihin fayil mai ɗauke da awon kowane ɗigo kafin a taɓa shi.