Me ya sa doka ke yi wa tsohon gini sassauci, kuma ina iyakar sassaucin?

Babu injiniyan da zai sa hannu a takarda cewa gada ba za ta taɓa faɗuwa ba. Abin da yake sa wa hannu shi ne yiwuwar faɗuwarta ba ta wuce wani mizani ba, kuma ƙa'idojin gini ne ke yanke wannan mizani.

A Turai, ƙa'idar EN 1990 ta shekarar 2002 ta kasa gine-gine gida uku gwargwadon ɓarnar da rushewarsu za ta jawo. Rumbun ajiya da mutane ba su cika shiga ba yana ajin ƙasa, gidajen zama da ofisoshi suna tsakiya, manyan zaurukan taro da rumfunan 'yan kallo suna sama. Kowane aji da lambarsa ta aminci, wadda injiniyoyi ke kira beta: gwargwadon girmanta, gwargwadon ƙarancin yiwuwar rushewa. Ajin tsakiya 3.8 ake nema a tsawon shekara 50, wato yiwuwar rushewa kusan ɗaya cikin 14,000. Ajin sama 4.3, na ƙasa 3.3. Tazarar kamar ba ta taka kara ta karya ba, amma daga 3.8 zuwa 4.3 haɗarin ya ragu kusan ninki takwas.

Duk wannan lissafin sabon gini ne. Ina gadar da aka gina tun kafin a rubuta ƙa'idar, lokacin da manyan motoci ba su kai nauyin na yau ba?

Da za a ce dole kowane tsohon gini ya kai mizanin sabo, da an rufe hanyoyi da yawa gobe da safe, baitulmali kuma ba zai iya ɗaukar gyaran ba. Ƙara ƙarfi a kan zane araha ne: 'yan rodi da ɗan siminti. Ƙara shi a gadar da ke aiki kuwa sai an karkatar da motoci, an fasa kankare, wani lokaci an tono harsashi. Ga shi sauran rayuwar tsohon gini ba ta kai ta sabo ba, don haka damar ya gamu da ambaliya ko guguwa mafi muni ta ragu. Dalilin da ya fi gamsar da ni shi ne na uku. Mai zana sabon gini yana barin rara saboda bai san ingancin kankaren da za a zuba ba. Tsohon gini yana tsaye a gabanka, za ka iya ɓantaro samfur ka gwada, ka auna kaurin rodi, ka ga inda tsatsa ta ci. Abin da aka auna ba ya bukatar rara irin ta abin da aka kintata. A kan wannan tunani ƙa'idar duniya ta tantance tsofaffin gine-gine, ISO 13822, ta ginu.

Holan ta fito da shi ƙarara a ƙa'idarta NEN 8700 ta 2011. Ban da matakin sabon gini, ta sa matakin gyara da matakin kora. A ajin tsakiya, gyara ya kai 3.3, abin da ya gaza 2.5 kuma bai cancanci amfani ba. Wannan na ƙarshe ba a ciniki a kansa, domin an ɗaure shi da haɗarin rasa rai, ba da tsadar aiki ba. Niyu Zilan ta bi wata hanya a dokarta ta 2016: ginin da bai kai kashi 34 cikin ɗari na ƙarfin sabo wajen jure girgizar ƙasa ba, a sa masa alama, a ba mai shi wa'adin gyara ko rushewa.

Sai dai sassaucin nan bashi ne da dubawa ke biya. In ba a je an auna ba, lambar da ke takarda ta ginin da aka zana ce, ba ta wanda ke tsaye ba. Gadar Morandi ta birnin Jenowa a Italiya, wadda aka buɗe a 1967, ta faɗi ranar 14 ga Agusta 2018 ta kashe mutum 43. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita suna binne cikin kankare, inda ido ba ya ganin tsatsa. A Amurka, rushewar gadar Silver a 1967, da ta ci rai 46, ita ta haifar da tsarin duba gadoji na ƙasa, galibi duk shekara biyu. Bayan wani bene a garin Surfside na jihar Filorida ya rushe ya hallaka mutum 98 a Yunin 2021, jihar ta yi doka a 2022 mai tilasta duba benayen haɗaka (waɗanda kowane mai gida ke da sashensa a ciki) masu hawa uku ko fiye idan sun kai shekara 30, sannan duk bayan shekara 10.

Idan dubawa ta nuna gini ya faɗo ƙasa da matakin kora, rushewa ba ita ce mafita kaɗai ba. Ana iya rage kayan da yake ɗauka maimakon ƙara masa ƙarfi: a hana manyan motoci hawa gadar, a rufe layi ɗaya, a kwashe kaya daga hawan sama, a kafa tokare na wucin gadi, a sa na'urorin da ke lura da tsagewa. Allon da ka gani a bakin tsohuwar gada mai iyakance nauyin mota, sau da yawa daga irin wannan lissafi ya fito.