CORD-19

CORD-19 rumbu ne na takardun binciken kimiyya kan cutar korona da danginta, wanda aka buɗe kyauta a intanet ranar 16 ga Maris, 2020, kwana biyar bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana COVID-19 a matsayin annobar da ta game duniya. Cibiyar Allen mai nazarin ƙirƙirarriyar basira, da ke birnin Seattle na Amurka, ita ta jagoranci aikin bisa buƙatar ofishin kimiyya da fasaha na fadar White House. Akwai hannun Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasa na Amurka, da kamfanin Microsoft, da gidauniyar Chan Zuckerberg, da wata cibiya a Jami'ar Georgetown.

Ya fara ne da takardu kusan 29,000. Yawancinsu ma ba kan sabuwar cutar suke ba, domin a lokacin ba a kai ga yin rubutu mai yawa a kanta ba. Tsoffin bincike ne kan cututtukan numfashi na SARS da MERS da ƙwayoyin korona masu kama dabbobi. Cikin 'yan watanni sababbin takardu suka yi ta kwararowa, har ta kai babu likitan da zai iya karanta abin da ake fitarwa a mako guda.

Rumbun kansa ba injin bincike ba ne, tushe ne da ake ɗora injinan a kai. An riƙa tattaro takardu daga PubMed Central, ma'ajiyar takardun likitanci ta Amurka, da kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, da shafukan bioRxiv da medRxiv, inda masu bincike ke saka rubutunsu kafin masana su tace shi, sai a tsame waɗanda suka maimaitu. Babban aikin shi ne warware kowace takarda daga tsarin PDF zuwa tsarin da kwamfuta ke iya bi: ga take, ga taƙaitawa, ga sassan rubutu, ga manazarta. Wannan ya ba masu manhaja damar gina kayan bincike iri-iri. Covidex, na masana daga Jami'ar Waterloo ta Kanada da Jami'ar New York, ya riƙa jera sakamako bisa ma'anar tambaya, ba daidaiton kalmomi kaɗai ba. SciSight kuwa ya riƙa zana alaƙar da ke tsakanin cututtuka, magunguna da rukunan masu bincike.

Da kayan suka yi yawa, sai aka buƙaci awo. Hukumar NIST ta Amurka, mai kula da ma'auni da fasaha, ta shirya gwajin TREC-COVID a zagaye biyar cikin 2020, da tambayoyi 50, inda masu ilimin likitanci suka riƙa duba ko takardun da kowane inji ya kawo sun amsa tambayar.

Takwaran CORD-19, wato rumbun LitCovid, ya bi wata hanya daban. Daga PubMed, babban kundin takardun likitanci, yake ɗebo takardu kullum, a rarraba su gida-gida: yaɗuwa, gano cuta, magani, rigakafi da sauransu. Ya fi sauƙi ga likitan da ke gaggawa, CORD-19 kuwa ya fi amfanar masu kwamfuta.

Raunin waɗannan kaya a fili yake. Inji yana nemo takarda, amma ba ya tantance ingancinta. A cikin CORD-19 akwai rubuce-rubucen da masana ba su riga sun tace ba, zube tare da waɗanda aka tace. Tacewar ma ba ta hana kuskure: binciken maganin hydroxychloroquine da mujallar The Lancet ta buga a Mayun 2020, ta janye shi a farkon Yuni saboda an kasa tabbatar da bayanan da aka gina shi a kai. Ban da haka, ƙasa da rabin takardun ne ake da cikakken rubutunsu, kuma Turanci ya mamaye mafi yawa.

An fitar da zubin ƙarshe na CORD-19 a Yunin 2022, yana ɗauke da takardu sama da miliyan ɗaya.