Koci ko darakta: wa ke riƙe da wuƙa da nama a kulob?

A gidan kallon ƙwallon unguwarmu a Fagge, da an busa tashi an lallasa kulob ɗin wani, sai ka ji daga bencin baya: "A kori kocin nan, shi ya sayo mana wannan ragon!" Sau da yawa kuwa ba shi ya sayo ba.

A tsohon tsarin Ingila, manaja shi ne komai. Shi zai zaɓi ɗan wasa, ya sa baki a ciniki, ya jera 'yan wasa ranar Asabar. Haka Ferguson ya riƙe Manchester United daga 1986 zuwa 2013, haka Wenger ya yi a Arsenal daga 1996 zuwa 2018. Matsalar ita ce ranar da irin wannan mutum ya tafi, da kansa da littafinsa yake tafiya. Magoya bayan United sun fi kowa sani.

Ɗaya tsarin raba aikin ya yi biyu. Daraktan wasanni ke kula da saye da sayarwa, sabunta kwantiragi, masu farauto 'yan wasa da makarantar yara, wani lokaci ma shi ke nemo kocin. Koci nasa atisaye ne da abin da ya faru a fili. Manchester City ta ɗauki Begiristain a matsayin darakta a 2012, shekara huɗu kafin koci Guardiola ya iso, ya tarar an share masa fage.

To ina doka ta shigo? Dokar Firimiya ba ta ce dole kulob ya naɗa darakta ba. Tsari ne na cikin gida, kuma kwantiragin kowa ke fayyace iyakarsa. Dokokin kuɗi ne suka tura kulob-kulob can. A baya Firimiya ta kafa ƙa'idar da ta hana kulob yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. Ita ta sa aka zabge wa Everton maki 10 a 2023, aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara. UEFA, hukumar ƙwallon Turai, kuma ta ce albashi, kuɗin sayen 'yan wasa da ladan dillalai kada su haura kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shiga. Kocin da wasa uku za su iya cinye kujerarsa ba zai zauna yin wannan lissafi ba, shi ɗan wasan yau yake so ko nawa ne.

Amma ni abin da ke damuna, darakta yana ofis ba mai yi masa ihu, koci kuwa shi ke gaban kyamara yana amsa laifin cinikin da bai yi ba. Ko a nan gida, Kano Pillars ta gwamnatin jiha ce, akwai shugabannin gudanarwa sama da koci, amma a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ke tsaye bakin layi ake nuna wa yatsa.